Yadda Na'urar Sanyaya Ɗaki Ke Aiki, da Dalilin Kula da Ita

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau a kan na'urar sanyaya ɗaki ne, wato iyakwandishan. Wannan na'ura kwashe zafin ɗaki take yi ta kai shi waje, shi ya sa duk wanda ya tsaya gaban injin da ke waje zai ji iska mai zafi na dukan fuskarsa.

Abin da ke ɗaukar zafin shi ne gas ɗin da ke zagayawa cikin bututun jan ƙarfe, irin su R-410A da R-32. Yana isa cikin ɗaki da tsananin sanyi, fanka ta hura iskar ɗakin ta kan bututun, sai ya zuƙe zafinta. Daga nan kwamfiresa, wato famfon da ke matsa gas a cikin injin waje, ta matse shi har ya fi iskar waje zafi, ya saki zafin a waje ya koma ruwa, sannan ya bi ta wata siririyar hanya da ke rage matsinsa, ya sake yin sanyi. Ruwan da ke ɗiga kuwa laimar iskar ɗakin ce. Ai tun a 1902, domin daidaita laima a wata maɗaba'a a New York, wani injiniya mai suna Willis Carrier ya ƙirƙiro tsarin wannan na'ura.

To, a ƙasashe masu zafi, idan rana ta haura digiri 40, injin waje na shan wahala kafin ya zubar da zafi cikin iskar da ita ma take tafasa. Idan ƙura ta toshe siraran ƙarafunan bayansa, ko aka matse shi a lungun da iska ba ta shiga, kwamfiresa za ta yi ta aiki babu hutu, ta sha wuta, daga ƙarshe ta ƙone, kuma tana cikin sassan da suka fi tsada. Ita ma ragar tace iska ta cikin ɗaki, a riƙa cire ta ana wankewa da ruwa duk bayan mako biyu lokacin ƙura, a bari ta bushe kafin a mayar.

Sai batun ƙarin gas. Gas ba ya ƙarewa kamar mai a mota, domin a rufe yake zagayawa, don haka idan ya ragu, akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da ya ƙara shi ba tare da ya toshe wurin ba, ya sayar maka da sanyin 'yan makonni ne kawai. Idan ka ga ƙanƙara ta kama bututu, kashe na'urar, ka duba ragar tukuna. In tana da tsabta, kira mai gyara ya binciki yoyo.