Gidan Lissadell da rigimar hanyar zuwa bakin teku

Assalamu alaikum jama'a, toh kaman yadda aka sanar, yau zancen wani gida za mu yi a ƙasar Ailan, gida ɗaya tak, sunansa Lissadell, yana yankin Sligo can arewa maso yamma a bakin teku, dutsen Benbulben na bayansa. Abinda ya ja ni kansa shine tambayar da ta bi shi kusan shekara 200, wato wai shin gidan nan na waye.

A takarda dai amsar ba wuya. Dangin Gore-Booth ne, asalinsu sojan Ingila da aka ba ƙasa a Ailan bayan an ci mutanen wurin da yaƙi. Sir Robert Gore-Booth shi ya gina gidan tsakanin 1830 da 1835, wani maizane daga Landan mai suna Francis Goodwin ya zana masa, da dutse ruwan toka aka yi shi, ba ado sosai a waje. Ƙasar da ke hannunsu ta kai wajen eka 32,000, kuma ba su suke nomawa ba, talakawa ne ke zaune a kai suna biyan haya. Har hanya aka haƙa ta ƙarƙashin ƙasa da barori ke bi su shiga gidan, don kada maigida ya leƙa ta taga ya hango su da kaya a ka. Ku riƙe wannan hanyar a zuciya.

Sai yunwa ta zo a 1845, cuta ta kama dankalin turawa wanda shine tuwon talakan Ailan, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka bar ƙasar. Anan ne Sir Robert ke rikita masu tarihi, don ya jinginar da ƙasarsa ya ciyo bashi ya ciyar da masu haya, wannan gaskiya ne, amma kuma shi ɗin ne ya biya kuɗin jirgin ruwa aka kwashi mutanensa wajen 1,500 zuwa Kanada a 1847. Wasu sun ce ceto ne wasu sun ce kora ce da lallami. Ni a ganina duk biyun ne, mutumin da ya ba ka abinci yau kuma gobe ya ce gonar da kakanka ya noma ba ka da wuri a cikinta, ai kana iya gode masa kana kuka.

Toh abin mamaki a cikin gidan nan jikokinsa mata biyu suka tashi, Constance da Eva. Constance ta auri wani ɗan Poland ta zama Markievicz, ta ɗauki bindiga a boren 1916 a Dublin tana yaƙar mulkin Ingila ɗin da ya ba kakanninta ƙasar, aka yanke mata hukuncin kisa sannan aka sassauta saboda mace ce. A 1918 ita ce mace ta farko da aka zaɓa majalisar Birtaniya, ta ƙi zuwa ta zauna, a 1919 ta zama ministar ƙwadago a gwamnatin 'yan gwagwarmaya. Mijinta kuwa ya zana hotunan mutanen gidan a bangon ɗakin cin abinci, tsayin mutum, har da ma'aikata irin su mai gadin daji, suna nan har yau suna kallon tebur. Ɗan'uwan su Constance, Josslyn, shi ya sayar wa masu haya da mafi yawan ƙasar bayan dokar filaye ta 1903, gwamnati ta ranta musu kuɗin saye.

Daga nan gida ya yi ta lalacewa. Magajin da ya biyo baya ba shi da cikakkiyar lafiyar ƙwaƙwalwa, kotu ta karɓi riƙon dukiyar, aka yi ta sare itatuwa ana sayarwa, 'yan'uwansa mata suka tsufa a 'yan ɗakuna kaɗan rufi na yoyo. A 2003 dangin suka sa gidan a kasuwa, mutane suka yi ta kira gwamnati ta saya saboda tarihin Constance, gwamnati ta duba kuɗin gyara ta ja baya. Wasu lauyoyi biyu miji da mata suka saya, suka zuba kuɗi suka gyara suka buɗe wa masu yawon buɗe ido.

Anan fa rigima ta tashi. Mutanen yankin sun saba bi ta cikin filin gidan su sauka bakin teku, iyaye da kakanni, kaman dai burtali ko hanyar rafi da ta ratsa gonar wani. Sabbin masu gida suka fara kulle ƙofa. A ƙarshen 2008 majalisar ƙaramar hukumar Sligo ta ce hanyoyin na jama'a ne, masu gida suka rufe gidan suka tafi kotu. Babbar kotu ta yi kwana 58 tana sauraro, a 2010 ta ba ƙaramar hukuma gaskiya. Suka ɗaukaka ƙara, a Nuwamban 2013 kotun ƙoli ta juya hukuncin, ta ce don maigida ya bar ka kana wucewa shekara da shekaru ba lalle ya sadaukar da hanyar ba kenan, ɗan wani yanki ne kawai ta gefen teku ta bar wa jama'a. Kuɗin lauyoyi ya kai miliyoyin yuro, kuma kaso mai yawa a kan ƙaramar hukumar ya faɗa, wato aljihun mutanen da suke son wucewar.

Wallahi wannan wurin yana taɓa ni, don masu gida ba su yi ƙarya ba, su suka ceci ginin lokacin da gwamnati ta ƙi, kuma tsohon da ya ce tun yana yaro ta nan yake bi shi ma bai yi ƙarya ba. An sake buɗe gidan a 2014, a 2015 ma majalisar ministocin Ailan ta je ta yi zamanta a ciki, gwamnatin da ta ƙi saye ta shiga a matsayin baƙuwa. Toh na ga an ɗaga min hannu lokacin sallah ya yi, in mun dawo sai a yi tambayoyi.