Amsoshin Tambayoyinku: Hoton Jarida da Furannin Gidan Gilashi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙar farko daga Tibiri take, wani malamin makaranta ne ke tambaya: me ya sa in jaridun Turai za su buga hoton Nijar, sai yaro ramamme da ƙuda a fuska? Haɗa hotunan ake yi?

To malam, galibi ba haɗawa ake yi ba, zaɓe ake yi. Mai ɗaukar hoto ya yini yana ɗauka, edita a Landan ko Faris ya tsinci guda ɗaya, wanda zai sa mai karatu ya tsaya. Ka tuna 2005, lokacin da 'yan jaridar duniya suka cika Maraɗi suna tururuwa zuwa cibiyar ciyar da yara ta ƙungiyar likitocin agaji ta MSF. Yaran nan ba na ƙarya ba ne. Amma a daidai lokacin akwai hatsi a kasuwa, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka bayan fari da farin dango na 2004. Buhun gero mai tsada ba ya jan ido a shafin farko, sai duniya ta ɗauka abinci ne ya ƙare ƙaf. A yi adalci kuma: an daɗe ana neman agaji ana samun shiru, sai da hotunan suka fito a talabijin kuɗi suka fara shigowa. Shugaban Nijar na lokacin, Tandja Mamadou, ya musanta cewa ana yunwa, yana cewa mutane a ƙoshe suke. A ganina shi ma nasa hoton ya zaɓa.

Wani lokaci son zuciyar a rubutun ƙasan hoto yake. A shekarar dai, da guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans a Amurka, an buga hoton wani baƙar fata cikin ruwa har ƙirji da kayan kanti, aka rubuta ya wawushe. Wani kamfanin labarai ya buga fararen fata biyu a irin halin, ya ce sun samo. Saboda haka in hoto ya faɗo maka a WhatsApp, tambayi wa ya ɗauka, yaushe, me aka yanke a gefe.

Sai wata Hajiya daga unguwar Bagalam. Ɗanta ya ziyarci gidan gilashi na lambun Kew a Landan, ya cika ta da labarin tsirrai da ƙamshi. Ko za ta iya yin irinsa a tsakar gida?

Hajiya, kar ki sa gilashi. Babban ɗakin da suka gama a 1848, don riƙe ɗumi da laima aka gina shi, saboda sanyin Ingila. Mu nan a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, dahuwa tsiron zai yi. Rumfar raga da ban ruwa safe da yamma sun fi. In ƙamshi kike nema, ilang-ilang, itacen da ake turare da furensa a tsibiran Komoros, laima yake so, hunturunmu zai wahalar da shi. Nemi reshen firanjifani, wani itace mai fure mai ƙamshi, ki bar bakin yankan ya bushe 'yan kwanaki kafin ki dasa, yana jure fari. Bayan magariba ƙamshinsa ya fi tashi, don ƙwarin dare yake kira. In kuma akwai lalle a gidan, bar wani reshe ya yi fure, kar a tsige ganyen duka don biki.