Littafin Yana Laburare, Me Ya Sa Bincike Bai Nuno Shi Ba?

Assalamu alaikum masu kallo. A ce ɗalibi a Birnin Kebbi ya rubuta "Abdullahi Fodiyo" a shafin binciken laburare, sakamako ya fito ɗan kaɗan. Wani a Gusau ya rubuta "Abdullahi dan Fodio", shi kuma ya ga waɗansu littattafai daban. Malamin Gwandu ɗaya suke nema. To ina matsalar take?

Tana cikin metadata, wato bayanan da ake rubutawa a kan littafi: sunansa, marubucinsa, shekararsa, harshensa da fanninsa. Sau da yawa injin bincike ba ya leƙa cikin littafin, balle rubutun hannu da aka ɗauki hotonsa. Kamar buhun shinkafa ne da aka ɗoro a mota daga Argungu, direba ba ya kwance shi, sunan da ke jiki yake bi.

Katalog ɗin laburare, wato jerin bayanan littattafansa, yawanci da tsarin MARC yake aiki, wanda Henriette Avram ta jagoranci haɗa shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960. Kowane bayani da lambarsa: 100 ta marubuci, 245 ta sunan littafi. Manhajar Koha, ta gudanar da laburare, da shi take tafiya. Su kuwa rumbunan intanet da jami'o'i ke zuba kundayen bincike a ciki, irin su DSpace da ta fito a 2002, sun fi amfani da wani tsarin mai suna Dublin Core. An tsara shi a 1995 a garin Dublin na jihar Ohio, kuma guraben bayani 15 kacal gare shi.

Manyan injunan bincike na ilimi sukan kwashi bayanai daga rumbunan nan ta wata ƙa'ida mai suna OAI-PMH. A wurin wannan kwasa ne ake asara. MARC zai iya bambance wanda ya wallafa, da wanda ya fassara, da wanda ya kwafa da hannu. Idan aka matse su cikin gurabe 15 ba tare da kula ba, sai mai kwafa ya koma marubuci.

Ku dubi shekara ma. Mai kwafa ya rubuta a ƙarshen takarda cewa ya gama a 1300, yana nufin Hijira, wajen 1882 zuwa 1883 ke nan. Ma'aikaci ya shigar da 1300 haka nan. Ita na'ura Miladiyya ta sani, sai ta kai takardar can ƙarni biyar kafin jihadin 1804. Wanda ya tace bincikensa zuwa ƙarni na 19 ba zai taɓa ganin ta ba.

Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Wani ya buga ƙ, wani k, wani ya liƙa wa k ɗin waƙafi a sama. Ga injuna da yawa kalmomi uku ne. Ni dai a ganina a rubuta daidai da Unicode, wato tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya, sannan a saita injin ya riƙa haɗa ƙ da k wajen nema, don mai bincike da waya ba lalle ba ne yana da harafin. A kuma sa lambar harshe, "hau", tare da bayyana cewa Ajami ne ko Boko. In ba haka ba, waƙar Hausa ta Ajami sai ta shige cikin jerin littattafan Larabci.

Maganin rikicin suna shi ne rijistar sunaye: a tsayar da siga ɗaya, a rataya mata duk sauran, ta yadda kowace aka nema za ta kai ga mutum guda. VIAF na haɗa irin waɗannan rijistoci na manyan laburaren duniya, malaman jami'a na yau kuma suna da lambar ORCID, mai bambance kowane mai bincike, tun 2012.

In kun ga kuskure a wani injin bincike na waje, ku koma rumbun da aka fara shigar da bayanin, can ake gyara. OAI-PMH tana lura da ranar da aka taɓa kowane bayani, don haka idan injin ya sake zuwa kwasa, gyararren zai ɗauka.