Shin AI Ta Kashe Manhajojin Kamfanoni? Matakin da Bidiyon Talla Ke Tsallakewa

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Akasarin saƙonnin da kuka aiko mana kwanan nan tambaya ɗaya suke yi, wato ko gaskiya ne ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta kusa binne manhajojin da manyan kamfanoni ke tafiyar da harkokinsu da su. Wasunku sun turo guntun hirar da aka yi da shugaban Microsoft, Satya Nadella, a watan Disambar 2024, inda ya nuna cewa yawancin manhajojin kasuwanci rumbun bayanai ne da aka lulluɓe da ƙa'idojin aiki, kuma ƙa'idojin nan za su koma hannun wakilan AI, wato manhajojin da ke aiwatar da aiki da kansu. Wasu kuma sun turo hasashen da kamfanin nazari na Gartner ya fitar a watan Yunin 2025, cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na ayyukan kafa irin waɗannan wakilai za a soke su kafin ƙarshen 2027. Wanda ya saurari na farko zai ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada, wanda ya karanta na biyu kuma zai ce da sauran rina a kaba. A nawa ganin, maganganun biyu ba su ci karo da juna ba, sai dai akwai mataki guda a tsakaninsu da ba a cika nuna wa jama'a ba, kuma a kansa za mu daɗe a yau.

Bari mu wuce ta kan tarihin da sauri. Tambarin da kuke gani yanzu na SAP ne, kamfanin manhajojin kasuwanci da wasu injiniyoyi biyar da suka bar IBM suka kafa a Jamus a 1972. Na gefensa na Oracle ne, wanda aka kafa a Amurka a 1977. Salesforce ya zo a 1999 ya yaɗa salon ba da hayar manhaja ta intanet, Workday ya biyo baya a 2005 da lissafin ma'aikata da albashinsu. Tun daga lokacin cinikin ya zauna a kan tsari ɗaya: kamfani yana biyan kuɗi wata-wata bisa yawan ma'aikatan da ke shiga manhajar. Sai ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwambar 2022, bayansa kuma aka fara maganar wakili, wato manhajar da ake ba wa aiki ta aiwatar da shi da kanta mataki bayan mataki, maimakon ta tsaya ga amsa tambaya.

Su ma masu sharhin kashi biyu ne, kuma wannan ma yana ƙara ruɗani. Manazartan bankunan zuba jari suna duba ribar da Salesforce ko SAP za su ci nan da shekara uku ko biyar. Manazartan irin su Gartner, Forrester da IDC kuwa suna ba mai saye shawara ne a kan abin da zai yi aiki a ofishinsa bana. Tambayoyinsu daban, don haka amsoshinsu daban.

Yanzu ku kalli wannan bidiyon gwaji da kyau, domin irinsa ne ke yawo ko'ina. Takardar neman biya ta shigo ta imel daga wani kamfani da ya kawo kaya. Wakilin ya buɗe ta, ya karanta sunan mai kaya da adadin kuɗi, ya gano sashen da ya yi odar, ya rubuta taƙaitaccen bayani, duk a cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Abin yana da ban sha'awa ƙwarai, kuma ba yaudara ba ce, domin na'urar tana iya yin wannan da gaske. Ga shi ya kai ga maɓallin da aka rubuta “biya”. A nan za mu tsayar da hoton, domin a daidai nan ne yawancin irin waɗannan bidiyoyi suke ƙarewa.

Duk abin da wakilin ya yi zuwa wannan gaɓar karatu ne. Abin da ke bayan maɓallin nan kuwa rubutu ne, rubutu a cikin kundin kamfani, kuma tsakanin karatu da rubutu akwai tazara mai nisa. Idan wakilin ya yi kuskure wajen taƙaita takarda, akawu zai gani ya gyara, ba a rasa komai ba sai minti biyu. Idan kuwa ya yi kuskure wajen rubutawa a kundi, kuɗi sun fita daga asusu, lissafin haraji ya canza, adadin kayan da ke sito ya sauya, rahoton da za a miƙa wa masu hannun jari a ƙarshen shekara shi ma ya ɗauki kuskuren ya tafi da shi.

Domin a fahimci dalili, mu raba manhajar kamfani hawa uku kamar yadda zanen nan ya nuna. Hawa na sama shi ne fuska, wato shafuka da akwatunan da ma'aikaci ke cikewa. Hawa na ƙasa shi ne kundi, inda ake ajiye gaskiyar kamfani: wa ake bi bashi, wa ke bin kamfani, nawa ne albashin wane, kaya nawa suka rage. Na tsakiya kuma ƙa'idoji ne, kuma su ne ba a ganinsu a bidiyo. Kafin a biya takardar da muka gani, tsarin yana gwada takardu uku da juna: takardar odar da kamfani ya bayar, shaidar cewa kayan sun iso sito, da takardar neman biyan. Idan an yi odar kwali 500, 480 suka iso, aka nemi kuɗin 500, tsarin zai riƙe biyan. Akwai kuma ƙa'idar raba iko, wadda ta hana mutumin da ya shigar da sunan sabon mai kaya ya zama shi ne kuma mai amincewa da biyansa, domin ta wannan kafa ake yawan sace kuɗin kamfanoni. Sannan kowane rubutu yana barin sawu: wa ya yi, yaushe, da izinin wa. A Amurka, dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, wadda aka kafa bayan rushewar kamfanin Enron, ta wajabta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗinsa su sa hannu da kansu a kan ingancin rahoton kuɗi. Mutumin da zai iya shiga kurkuku saboda lambar da ke cikin kundi ba zai miƙa alƙalamin kundin ga wani ba sai ya tabbata.

Matsalar kuwa tana cikin yadda aka gina wakilin. Ƙa'idar da injiniya ya rubuta tana ba da amsa ɗaya ko da an tambaye ta sau miliyan. Na'urar harshe irin wadda ke ƙarƙashin ChatGPT kuwa tana zaɓar kalmar da ta fi dacewa ne bisa ƙiyasi, shi ya sa tambaya ɗaya kan iya samun amsa biyu. Ku biyo ni da wannan lissafin da ke kan allo, wanda misali ne kawai. A ce wakili yana yin daidai sau 95 cikin 100 a kowane mataki, makin da kowa zai yaba. Idan aikin mataki ɗaya ne, madalla. Idan aikin mataki 20 ne a jere, kuma kowane mataki ya dogara da wanda ya gabace shi, to damar a kai ƙarshe ba tare da kuskure ba ta faɗo zuwa kusan 36 cikin 100. Ko da an ɗaga shi zuwa 99 cikin 100 a kowane mataki, sakamakon matakai 20 bai wuce 82 ba. Babu sashen kuɗi a duniya da zai yarda a ɓata biya 18 cikin kowane 100.

Sai kuma tambayar wa zai ɗauki alhaki. A watan Fabrairun 2024, wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta yanke hukunci a kan kamfanin jiragen Air Canada, bayan manhajar hira ta shafinsa ta faɗa wa wani fasinja ƙa'idar ragin kuɗin tikiti da ba haka take ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin ɗora laifin a kan manhajar, kotun ta ƙi, ta umarce shi ya biya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kimanin dalar Kanada 800 ne, amma darasin shari'ar ya isa ofisoshin lauyoyin kamfanoni da yawa: abin da wakilinka ya faɗa, kai ka faɗa.

Labarin da aka fi kafa hujja da shi wajen cewa manhajojin sun mutu shi ne na Klarna, kamfanin hada-hadar kuɗi na Suwidin. A 2024 shugabansa, Sebastian Siemiatkowski, ya sanar cewa sun rabu da Salesforce kuma za su rabu da Workday, sai labari ya bazu cewa AI ta maye gurbinsu. A watan Maris na 2025 shi da kansa ya fito ya yi gyara, ya bayyana cewa abin da suka yi shi ne tattara bayanansu da suka warwatse zuwa tsari guda na cikin gida, kuma ba na'urar harshe ce ta zama kundinsu ba. Gyaran bai yi tafiyar da labarin farko ya yi ba, kuma wannan yana damuna, domin a kan labarin farkon ne har yau mutane ke yanke shawara. Sauya kundi kuwa ba ƙaramin aiki ba ne ko ba AI a ciki. Kamfanin Lidl na Jamus ya shafe kimanin shekara bakwai yana ƙoƙarin komawa kan wani tsarin SAP, ya haƙura a 2018 bayan kashe abin da aka ruwaito ya kai Yuro miliyan 500.

Da wannan idon ya kamata a karanta alƙaluman da ke tsorata mutane. Gartner ya ambaci tsadar aiki, rashin fa'ida bayyananniya da raunin matakan kariya a matsayin dalilan soke ayyukan, ya kuma ƙiyasta cewa cikin dubban kamfanonin da ke tallar wakilai, kimanin 130 ne kawai na gaske, sauran tsofaffin kaya ne aka sauya wa suna. Wani rahoto daga jami'ar MIT a 2025 ya ce kashi 95 cikin 100 na kamfanonin da ya duba ba su ga ribar da za a iya aunawa ba. Ina ba ku shawara ku riƙe wannan lamba da sassauci, domin an gina ta ne a kan hira da wakilan ma'aikatu 52, da amsoshin manyan jami'ai 153, da nazarin ayyuka kimanin 300. Amma dalilin da rahoton ya bayar ya yi daidai da hoton da muka tsayar: na'urar tana da ƙoƙari, haɗa ta da ainihin tsarin aiki ne ke gagara.

To ina gaskiyar Nadella da manazartan hannun jari? Tana hawa na sama da kuma wajen farashi. Idan ma'aikaci zai iya faɗa wa wakili abin da yake so da baki, ba ya bukatar shafuka goma na manhaja, kuma ƙananan manhajojin da duk abin da suka mallaka fuska ce mai kyau suna cikin haɗari na gaske. Idan kuma aikin mutum goma ya koma hannun mutum shida, kuɗin hayar manhaja na mutum huɗu ya tafi ko da kundin yana nan daram. Shi ya sa kuke ganin farashi yana rawa. Microsoft ya sa dala 30 a wata ga kowane ma'aikaci a kan Copilot, mataimakinsa na AI, a 2023. Salesforce ya fito da wakilinsa mai suna Agentforce a 2024 a kan dala 2 kowace tattaunawa, sannan a 2025 ya ƙara tsarin biyan senti 10 a kan kowane aiki. Intercom, kamfanin manhajar kula da abokan ciniki, ya sa senti 99 a kan kowace matsalar abokin ciniki da wakilinsa ya warware. Kamfanonin suna laluben abin da za su riƙa ƙirgawa idan ƙirga kawuna ya daina biyan bukata.

Ku kuma lura da inda suke zuba kuɗinsu, domin ya fi jawabansu faɗin gaskiya. A 2025 Salesforce ya amince ya sayi Informatica, kamfanin tsaftace bayanai da tsara su, a kan kimanin dala biliyan 8. A shekarar kuma ya tsaurara sharuɗɗan da wasu kamfanoni ke bi wajen kwasar bayanai daga Slack, manhajarsa ta hirar ma'aikata, sannan Celonis, kamfanin nazarin bayanan aiki, ya kai SAP kotu a Amurka a kan damar isa ga bayanan abokan ciniki. Rigimar duk a kan ƙofar kundi ake yin ta, da wanda zai riƙe makullinta.

Hawa na tsakiya shi ne inda ni kaina nake ganin ba a gama wasan ba. Akwai ƙa'idojin da hukunci ne na hankali, kamar ko a yi wa tsohon abokin ciniki uzuri, kuma waɗannan za su iya komawa hannun wakili sannu a hankali, musamman inda kuskure ke gyaruwa cikin sauƙi. Gwada takardu uku da raba iko kuwa ina sa ran za su zauna a rubuce yadda suke, wakilin ya riƙa bi ta cikinsu kamar kowane ma'aikaci, da iyakar kuɗin da aka yarje masa da kuma sawun da zai bari.

Mu saki hoton da muka tsayar. A tsarin da ke aiki da gaske a yau, wakilin ya danna maɓallin, biyan ya shiga layin jira, tsarin ya gano kwali 20 ba su iso ba, sai ya tura wa akawu saƙo. Shekarar 2027 da Gartner ya sa wa hasashensa ita ce kuma shekarar da SAP ya tsayar domin daina kula da tsohon tsarinsa na ECC bisa sharuɗɗan da aka saba, tare da ƙarin wa'adi zuwa 2030 ga mai biyan ƙari. Dubban kamfanoni za su yanke shawarar inda kundinsu zai koma a cikin wannan tsakanin, kuma za mu dawo da alƙaluman idan sun fito.