Abin da kyamarar matafiyi ba ta ɗauka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

A watan Mayun 2024, hukumomin wani ƙaramin gari a Japan mai suna Fujikawaguchiko sun yi abin da ba a saba gani ba. Sun kafa baƙin labule a bakin titi, tsawonsa mita 20, tsayinsa mita biyu da rabi, domin su tare wa mutane ganin Dutsen Fuji. Dutsen da ƙasar ke alfahari da shi, shi ne 'yan gari suka rufe da hannunsu. Dalili kuwa shi ne wani hoto da ya bazu a intanet: wani kanti na kamfanin Lawson, dutsen ya leƙo ta bayansa kamar an ɗora shi a kan rufin. Daga nan sai baƙi suka yi wa wurin tsinke. Suna tsallaka titi ba tare da duba mota ba, suna ajiye motoci a harabar wani asibitin haƙori da ke gefe, suna zubar da shara, duk don kowa ya koma gida da irin hoton da ya gani a wayarsa. An sa alluna, an kawo masu gadi, abin bai yi magani ba. Da tura ta kai bango, sai aka sa labule.

Wannan labari ne ya sa na ce yau mu tattauna kan masu ba da labarin tafiye-tafiye a intanet, waɗanda ke ɗaukar jaka da waya su zaga duniya, su riƙa turo mana hotuna da bidiyo a Instagram da YouTube da TikTok. Ni mai bibiyarsu ne, kuma ina jin daɗin aikin da yawa daga cikinsu. Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, to ga waɗanda suka yi tafiyar suka kuma raba mana mabuɗin. Akwai wanda zai zauna ya yi maka bayanin yadda ake cike takardar neman biza, da abin da jami'in kan iyaka zai tambaye ka, da jirgin ƙasan da ya fi sauƙi, da irin damfarar da ake yi wa baƙo a tashar mota. Wannan hidima ce ta gaske, musamman ga wanda fasfonsa ba ya buɗe masa ƙofofi da yawa, wanda sai ya yi layi a ofishin jakadanci ya biya kuɗin da ba za a mayar masa ba ko da an hana shi.

Amma sana'ar tana da wata cuta, kuma cutar tana cikin yadda ake cin abinci da ita. Mai wannan aiki yana samun kuɗi ne gwargwadon yawan masu kallo, masu kallo kuwa sun fi tsayawa kan abin da ya ƙayatar da ido. Saboda haka sannu a hankali sai matafiyi ya daina neman abin da ke wurin, ya koma neman hoton da ya san zai karɓu.

Ku dubi abin da ke faruwa a wani wurin bauta da ake kira Lempuyang a tsibirin Bali na Indonesiya. Hotunan wurin sun cika intanet: ƙofa mai tsayi ta dutse, mutum na tsaye a tsakiya, a ƙasansa wani tafki mai kwance lumui yana nuna surarsa da ta sararin sama. A 2019 mutane da dama suka gano cewa babu wani tafki. Dandali ne kawai na dutse. Wani mutum ne ke zaune a gefe, ka miƙa masa wayarka, ya kara ɗan madubi a ƙarƙashin idon kyamarar, ya danna. Mutane sukan yi sa'o'i a layi domin wannan ɗan lokaci. Abin da ya fi damuna ba madubin ba ne, mai madubin neman halalinsa yake yi a fili, ba ya ɓoye wa kowa. Abin damuwar shi ne dubban mutanen da suka je, suka ga babu ruwa, suka dawo suka sa hoton ba tare da sun ce uffan ba. Kowa ya taimaka wajen jan na bayansa. An ce gani ya kori ji, to yanzu ganin ma sai an tantance shi.

Sai batun wanda ya biya. Otal-otal da kamfanonin jiragen sama da hukumomin yawon buɗe ido na ƙasashe sukan gayyaci waɗannan matafiya, su ba su tikiti da masauki da abinci kyauta, wani lokaci har da kuɗi a hannu. Ba laifi ba ne, talla sana'a ce. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka kwantar a ɗakin alfarma kyauta ba zai fito ya ce famfon banɗakin ba ya kawo ruwa ba. Shi ya sa a Amurka da Birtaniya hukumomin da ke sa ido kan talla suka wajabta wa irin waɗannan mutane su bayyana a fili idan an biya su ko an ba su kyauta. Mai sauraro, in ka ga ana yabon wuri babu ko da tangarɗa ɗaya, ka nemi wannan bayani kafin ka taɓa ajiyarka. Akwai mai tara kuɗin shekara biyu domin tafiyar mako guda.

Kada kuma a ɗauka wannan rauni na zamanin waya ne kaɗai. Shahararren matafiyi Ibn Batuta ya bar garin Tanja na Maroko a 1325 da niyyar aikin Hajji, ya shafe kusan shekara 30 yana yawo, har Indiya da tsibiran Maldibs da daular Mali. Da ya dawo, Sarkin Fas Abu Inan ya sa wani marubuci, Ibn Juzayy, ya rubuta labarinsa. Masana sun gano cewa an ɗauko wasu sassan bayanin biranen daga rubutun Ibn Jubair wanda ya riga shi, kuma suna shakkar ko ya taka wasu wuraren da aka ambata. Ashe ƙara gishiri tsohon hali ne na matafiyi. Duk da haka, abin da ya sa har yau ake karanta shi shi ne ya kalli mutane. A Mali ya yaba da tsaron hanya da adalci da kula da salla, ya kuma faɗi abin da bai yi masa daɗi ba, har ƙorafi ya yi kan ƙanƙantar kyautar da Mansa Sulaiman ya aiko masa. Bayan shekara kusan 700, ta bakinsa muke sanin yadda mutanen wancan zamani suka rayu. Ina tambayar kaina, wanda zai kalli bidiyoyinmu nan gaba, me zai sani game da mutanen garuruwan da muka ziyarta?

Domin su ne ba sa fitowa a hoton, kuma su ne yanzu suka fara ɗaga murya. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2024 an yi tafiye-tafiyen yawon buɗe ido tsakanin ƙasashe kimanin biliyan 1.4, kusan daidai da yadda ake kafin annobar korona. Matsalar ita ce wannan ɗimbin jama'a ba ta bazu a duniya ba, tana tururuwa ne zuwa 'yan wurare ƙalilan da hotunansu suka yi tashe. Tsohon birnin Venis na Italiya yana da mazauna kusan 175,000 a farkon shekarun 1950, a 2022 sun koma ƙasa da 50,000. A Afrilun 2024 birnin ya fara karɓar Yuro 5 daga masu zuwa su wuni su koma a ranakun da aka fi cunkoso. A Basalona ta Sifaniya, magajin gari ya sanar a Yunin 2024 cewa zuwa ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidaje kimanin 10,000 da ake bai wa baƙi haya ta 'yan kwanaki, saboda kuɗin haya ya gagari 'yan gari. Wata guda bayan haka masu zanga-zanga suka fito suna fesa wa baƙi ruwa da bindigogin wasan yara. Ban goyi bayan wulaƙanta baƙo ba, ko kaɗan. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da aka haifa a unguwa, ya wayi gari ba zai iya kama ɗaki a cikinta ba, yana da abin cewa.

Ba wai a daina zuwa ba ne. A 2020, da tafiye-tafiye suka ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari, direban tasi da mai wanke zanen gado a otal da mai jagorar baƙi su ne suka fara kwana da yunwa. Garuruwan nan suna buƙatar baƙi. Abin da suke nema shi ne a zo da ƙima. Tailan ta rufe gaɓar tekun Maya a 2018 bayan dubban mutane da kwale-kwale sun riƙa dira a kullum har suka lalata halittun ƙarƙashin ruwa. Da aka bar wurin ya huta, sai ƙananan kifayen shak suka dawo suna haihuwa a bakin gaɓa. An sake buɗewa a 2022, amma da ƙayyade yawan masu shiga da hana iyo.

A nan mai ba da labarin tafiya yake da ƙarfin da bai cika lura da shi ba. Shi ne ke zaɓa wa dubban mutane inda za su je. Yana iya juya kyamarar ya nuna mana layin da ke bayansa. Yana iya faɗin wanda ya biya masa ɗaki. Yana iya zama da mai shara ko mai kwale-kwale ya tambaye shi yadda zuwan baƙi ya canza masa rayuwa, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki fuskar ɗan wani ya watsa wa duniya. Akwai masu yin haka, kuma su ne nake komawa kallo ko da hotonsu bai kai na wasu sheƙi ba.

Shi kuwa labulen Fujikawaguchiko, bai cika mako biyu ba ma'aikatan gari suka tarar an huhhuda shi a wurare kusan goma. Ƙananan ramuka ne, kowane ɗaya daidai girman idon kyamarar waya.