Rawar mutum goma sha shida a Bremen

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau ina Bremen a arewacin Jamus. Ku yi haƙuri da ƙarar kiɗa, a zauren atisaye nake. Wata abokiyar aikina ce ta ce in zo in ga abin da ke cinye mata ƙarshen mako.

Mutanen garin nan ba ƙwallon Werder kaɗai suka iya ba. Suna da ƙungiyar rawa, Grün-Gold-Club, wadda ta fara ɗaukar kofin duniya a 2006, daga nan kuma ta yi ta ɗauka. Waɗannan da kuke gani ƙaramar ƙungiya ce, amma tsarin ɗaya ne: maza takwas, mata takwas, bibbiyu. Kimanin minti shida ake ba su, su haɗa salon rawa biyar a ciki: samba, rumba, ca-ca-ca, paso doble da jive. Wata da watanni ana zubar da gumi saboda minti shida!

Bari in hau bene in nuna muku, don alƙalan gasa ma daga sama suke kallo. Kun gani? Daga nan fuska ba ta fita, sai layi. Yanzu sun miƙe, yanzu sun karkace, yanzu sun yi da'ira. Mutum ɗaya ya gota da taku guda, kowa ya gani, kamar dai a karkata sahu a masallaci.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. Ɗazu mai horar da su ya kashe kiɗa saboda wancan dogon saurayin. Wallahi duk ya fi su iyawa, juyinsa ya fi sauri, hannunsa ya fi ɗagawa. Shi aka ce wa ya rage. Ba a ce sauran su kamo shi ba, shi zai sauko inda goma sha biyar za su iya. Na ga ransa ya ɓaci, amma ya rage ɗin. Ni kam a ganina wannan ya fi juyin wuya, don wanda ya san ya iya, sai ya so a gan shi. Nawa ne cikinmu za su yarda a wurin aiki ko a ƙungiya?

Idan kuma wani ya zame, babu mai waiwaye, balle harara. Abokiyar rawarsa ta ja shi, ya faɗa layi, a ci gaba. Faɗa sai bayan kiɗa ya tsaya.

Ga wasu biyu can gefe, su ne 'yan jiran ko-ta-kwana. Sun haddace gurbin mutane da dama, suna zuwa kowane atisaye, kuma mai yiwuwa a gama kakar gasa ba su taka fili ba. Abokiyar tawa ta ce a nan ta fara.

Za su sake daga farko, bari in matsa, na tare musu hanya.