Amsoshin Tambayoyinku: Azumah Nelson, daga zakaran Ghana zuwa zakaran duniya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo yau duk a kan mutum ɗaya suke, wato Azumah Nelson, ɗan damben zamani na ƙasar Ghana wanda ake yi wa laƙabi da Farfesa.

Wasiƙar farko ta fito ne daga unguwar Nima a birnin Accra. Mai sauraronmu yana cewa: "Tun muna yara muke jin iyayenmu suna ba da labarin yadda ake raba dare a gaban talabijin duk ranar da Azumah zai yi dambe. Ina so a faɗa mini yadda ya fara, kuma shin gaskiya ne sai da ya zama zakaran Ghana kafin duniya ta san shi?"

Gaskiya ne, malam. An haifi Azumah Nelson a Accra a shekarar 1958, a cikin al'ummar Ga, mutanen da suke da nasu salon damben gargajiya kamar yadda muke da namu, kuma unguwarsu ta masunta da ake kira Bukom ita ce matattarar 'yan damben Ghana har gobe. Azumah yana saurayi lokacin da David Kotei, wanda aka fi sani da Poison, ya doke Rubén Olivares na Meksiko a 1975 ya zama ɗan Ghana na farko da ya ɗauki kambun duniya, saboda haka samarin zamaninsa sun ga da idonsu cewa abin mai yiwuwa ne. Azumah ya fara da damben sha'awa, wanda ba na neman kuɗi ba, kuma a 1978 ya ci lambar zinariya har sau biyu, ɗaya a wasannin ƙasashen Afirka a Aljeriya, ɗaya a wasannin ƙasashe renon Ingila a birnin Edmonton na Kanada. Gasar Olamfik ce kawai bai taka ba, domin Ghana ta ƙaurace wa ta 1976 da ta 1980.

Ya shiga damben sana'a a watan Disamba na 1979, kuma ba a yi wata huɗu ba, a watan Maris na 1980, ya kayar da Henry Saddler ya zama zakaran Ghana a ajin marasa nauyi, wanda iyakarsa kilo 57 ne da ɗan ɗoriya. Kafin ƙarshen wannan shekara ya haɗa da kambun Afirka, sannan a 1981 ya doke Brian Roberts na Ostireliya a Accra ya ɗauki na ƙasashe renon Ingila. Wasu suna raina kambun ƙasa, suna ganin kamar sarautar cikin gida ce da ba ta wuce bakin ƙofa, alhali kuwa shi ne matakalar farko, domin da shi ɗan dambe yake samun damar neman na nahiya, daga nan kuma sunansa ya shiga jerin da hukumomin dambe na duniya suke dubawa idan za su zaɓi wanda zai ƙalubalanci zakara.

Tambaya ta biyu daga Zinder take, a Jamhuriyar Nijar. Mai wasiƙar ya ce ya ji ana cewa damben da ya fito da sunan Azumah, shi ne aka kayar a cikinsa, kuma yana mamakin yadda faɗuwa za ta ɗaukaka mutum.

To, malam, abin da ka ji haka yake, kuma a ganinmu duk tarihin mutumin nan a kan wannan dare ya ratayu. Ranar 21 ga Yuli, 1982, a dandalin Madison Square Garden da ke birnin New York, an shirya zakaran hukumar damben duniya ta WBC, Salvador Sánchez na Meksiko, zai kare kambunsa, sai wanda aka tsara za su kara, Mario Miranda, ya janye. Aka nemo Azumah a ƙurarren lokaci domin ya cike gurbi. Dambensa na sana'a goma sha uku ne kacal a lokacin, duk ya ci su, amma a Amurka kusan babu wanda ya san sunansa, kuma masu shirya wasan sun ɗauka sun samo wanda Sánchez zai gama da shi da wuri a watse. Sánchez kuwa ba ƙaramin gwani ba ne, domin shekara guda kafin nan ya lallasa Wilfredo Gómez, wanda ake jin tsoron naushinsa ko'ina.

Aka fara, sai ga baƙon yana matsowa ba ja da baya, yana karɓa yana mayarwa. A zagaye na bakwai Sánchez ya kai shi ƙasa, ya tashi ya ci gaba kamar ba shi aka buge ba. Haka aka yi ta gumurzu har zagaye na goma sha biyar, wanda shi ne na ƙarshe, inda gajiya ta ci ƙarfinsa, fuskarsa ta kumbura, ya sake faɗuwa, ya sake miƙewa ƙafafunsa suna rawa, alƙalin fage ya shiga tsakani ya tsayar da damben. Da aka duba takardun maki, ashe ɗaya daga cikin alƙalai uku na gefe Azumah ya sa a gaba. Wani abin lura shi ne, daga shekarar da ta biyo baya hukumar WBC ta rage damben kambu zuwa zagaye goma sha biyu, bayan mutuwar ɗan damben Koriya ta Kudu Kim Duk-koo a watan Nuwamba na 1982. Da a ƙarƙashin sabuwar dokar aka yi wannan karo, da Azumah ya ji ƙararrawar ƙarshe yana tsaye. Ramuwa kuwa ba ta yiwu ba, domin ranar 12 ga Agusta, makonni uku bayan damben, Sánchez ya rasu a hatsarin mota a ƙasarsu yana da shekara 23.

Sai da Azumah ya jira fiye da shekara biyu kafin a sake ba shi dama. Ranar 8 ga Disamba, 1984, ya bi Wilfredo Gómez har gida, a birnin San Juan na Puerto Rico, ya yi masa bugun kwaf ɗaya a zagaye na goma sha ɗaya, ya ɗauko kambun da ya kuɓuce masa a New York. Ya kare shi sau shida, kuma wanda mutanen Ingila ba su manta ba shi ne na Birmingham a watan Oktoba na 1985, inda naushin hagu guda ɗaya daga ƙasa ya kwantar da Pat Cowdell tun ba a gama zagayen farko ba. A watan Fabrairu na 1988 ya hau aji na gaba, mai iyakar kilo 59, ya karɓi kambun WBC na can bayan karawa da Mario Martínez, kuma a watan Disamba na wannan shekara ya kare shi a gaban mutanensa a Accra.

Wata mai sauraro daga Kumasi ta tambaya a taƙaice: "Me ya sa ake ce masa Farfesa, ko ya yi karatu mai zurfi ne?"

Ba laƙabin jami'a ba ne, malama, na fagen dambe ne, wato wanda yake koya wa abokin karawa darasi. Idan aka bi tarihinsa za a ga cewa laƙabin bai faɗi ƙasa banza ba, domin Azumah mutum ne da yake karantar abokin hamayya, kuma duk wanda ya wahalar da shi a karon farko yakan gane kurensa a karo na biyu. Martínez ɗin nan da muka ambata ya kai shi ƙasa a haɗuwarsu ta farko, har jama'a da yawa suka ce an yi wa Martínez kwange a hukunci, amma da suka sake haɗuwa bayan shekara guda sai Azumah ya gama da shi a zagaye na goma sha biyu. Babban misali kuwa yana cikin tambayar da ke tafe.

Wannan ta fito ne daga Kano. Mai sauraronmu yana son a yi masa bayanin yadda ake yin canjaras a damben zamani, kuma ya ce ya ji ana gardama har yanzu a kan damben Azumah da Jeff Fenech, yana son ya san wane ne mai gaskiya.

A damben gargajiya, malam, ka san idan turmi uku ya ƙare babu kisa sai a raba su. A na zamani kuwa alƙalai uku ne suke zaune a gefe, kowanne yana ba wanda ya fi a zagaye maki goma, ɗayan ya samu tara, ko takwas idan ya sha ƙasa, a ƙarshe a tara. Idan alƙali ɗaya ya ba wannan, na biyu ya ba wancan, na uku ya ce sun yi daidai, to an yi canjaras, kuma kambu yana nan a hannun mai shi. Abin da ya faru ke nan a Las Vegas ranar 28 ga Yuni, 1991. Fenech ɗan Ostireliya ne da ba a taɓa doke shi ba, ya riga ya ci kambun duniya a aji uku yana neman na huɗu, kuma a wannan dare ya yi ta danna Azumah jikin igiya yana dukansa, har a zagayen ƙarshe ya kusa kayar da shi. Da aka ce canjaras, 'yan kallo suka yi ta ihu. Mu a nan ba za mu ɓoye ba, duk da ƙaunar da muke yi wa Farfesa, Fenech ne ya fi a wannan karo. Azumah ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya raunana shi, mutanen Fenech kuwa suka ɗauki maganar a matsayin neman mafaka.

Abin da ya yi daga baya shi ne ya ba maganarsa nauyi. Ya yarda ya je har Melbourne, ƙasar Fenech, kuma ranar 1 ga Maris, 1992, a filin Princes Park, gaban mutane sama da dubu talatin da kusan dukkansu suka zo ganin an naɗa ɗan gida, ya kayar da Fenech a zagayen farko, ya sake kayar da shi a na biyu, sannan ya ƙarasa shi a na takwas. Gardamar dai ba ta mutu ba, domin a 2022, bayan shekara talatin da ɗaya, hukumar WBC ta sa an sake duba damben Las Vegas ta miƙa wa Fenech kambu na girmamawa. Wannan mataki bai yi mana daɗi ba, ko da yake mun yarda an cuci Fenech a wancan dare, saboda mutanen biyu sun riga sun warware maganar da hannunsu a Melbourne.

Wasiƙar ƙarshe daga Garwa take, a ƙasar Kamaru, kuma tambayoyi biyu ne a cikinta: yaushe ya daina dambe, kuma shin shi ne ɗan Afirka na farko da aka shigar zauren karrama gwarazan dambe na duniya?

Ƙarshen nasa ya ɗan ja. A 1990 ya gwada hawa aji na uku, Pernell Whitaker ya fi shi maki. A 1994 Jesse James Leija na Amurka ya karɓe kambunsa, jama'a suka ce tsufa ya zo, sai ga shi a watan Disamba na 1995, yana da shekara 37, ya doke Gabriel Ruelas a zagaye na biyar ya dawo da shi, sannan ya rama wa Leija a 1996. Wanda ya raba shi da kambun har abada shi ne Genaro Hernández, a watan Maris na 1997, kuma damben yana da abin tunawa. A ƙarshen zagaye na bakwai naushin Azumah ya sami Hernández a maƙogwaro bayan an kaɗa ƙararrawa, ya faɗi yana neman numfashi. Da ya ce ba zai iya ci gaba ba, da an ba shi nasara a kan laifin abokin karawarsa, amma ya ƙi karɓar kambu ta wannan hanya, ya huta ya koma fage, ya ci da maki. Azumah ya ajiye safar dambe a 1998 bayan karo na huɗu da Leija, sai dai ya sake fitowa sau ɗaya a 2008, yana da shekara 49, suka yi zagaye goma da Fenech a Melbourne, Fenech ya ci, damben da ba mu ga abin da ya ƙara wa ko ɗayansu ba.

Game da zauren karramawa da ke garin Canastota a jihar New York, an shigar da Azumah a 2004, amma ba shi ne na farko daga Afirka ba, ko da yake ana yawan faɗin haka. Dick Tiger na Najeriya, wanda ya riƙe kambun duniya a aji biyu kuma ya rasu a 1971, an shigar da sunansa tun 1991. A gida Ghana kuwa, filin wasanni na Kaneshie da ke Accra sunan Azumah Nelson yake ɗauke da shi yanzu, kuma mai sauraronmu na Nima ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya je ya gani.